Ranar da Na Ji Jitar Almu

Shafi na 8

Masu cewa na daɗe ban sako ba, ku yi haƙuri, ba jan rai nake ba. Wannan shafin sau uku ina fara shi ina gogewa. Waɗanda sunka shigo yanzu, sunana Sauda, daga Goronyo. Karatuna aji uku ne na firamare, sai allo. Abin da idona ya gani shi nake rubutawa, da wayar marigayi.

Ranar Talata ce da hantsi, ina tsakar gida ina ware albasa, masu ruɓa gefe guda. Asabe, matar yayan mijina, ta shigo ba sallama ba mayafi. Ta tsaya a kaina tana kallon albasar.

Na ce, "Asabe, lahiya?"

Ta ce, "Kwale-kwale ya kihe."

"Na wa?"

Ta durƙusa ta karɓe albasar da ke hannuna, ta aje ta ƙasa a hankali kamar ƙwai.

Haka mutuwar mijina Almustapha ta iske ni. Za shi gonarsa ta ƙetaren ruwa, su tara a ciki, bakwai sunka fita. Kafin la'asar an kai shi. Shekara goma sha uku muna tare, ɗiya uku.

A Goronyo manomin albasa ne. A Sakkwato da Wurno da Rabah kuwa, Almu Jita ake ce masa, ana ɗaukarsa biki. Jitar irin mai wuta ce, ja, ya saye ta hannun wani Buzu tun kafin aurenmu. Ba a taɓa jona ta a gidanmu ba. Gidan gandu ne, sashenmu na jingine da na yayansa Mode, kuma Yaya Mode bai son kiɗa ko a rediyo. In Almu zai taɓa ta a gida, sai ya zauna bakin gado da rana tsaka, ba waya ba lasifika. Waɗanda sunka san irin wannan jitar sun sani, in ba a jona ta ba, ba ta da murya. Tsin, tsin, tsin, ko kaza ba ta kora.

Ni ban sani ba. Na ɗauka iyakarta ke nan.

Shekara goma sha uku ina yi masa dariya.

"Wai don wanga abu aka ɗaukarka har Sakkwato? Lalle mutanen birni sun ƙoshi."

Sai ya yi murmushi ya ce, "Ke dai miƙo hura."

Wata ta tambaye ni ko ban taɓa ganinsa a waya ba. Wayata ta lokacin rakani-kashi ce. Tasa kuma bai barin komi ciki, don ɗiyan Yaya Mode suna ɗauka.

Bayan sadakar arba'in anka zauna rabon gado a zaure. Ina cikin takaba, Asabe ce ta kawo min labari. An gama da gona da injin ban-ruwa da awaki, sai anka fiddo jita. Malamin da ke rabon ya ce shi dai ba ya sa kayan kiɗa cikin gado, iyali su san yadda za su yi da ita.

Yaya Mode ya ce, "Hwasa ta za a yi a sa wuta. Duk wanda yat taɓa ta bayanai, alhakin can kabari za shi iske shi. Ban iya hidda shi cikin ruwa ba. Wanga dai ina iyawa."



Ni ba don kiɗanta na damu ba, gaskiya nake faɗa muku. Akwai wuri a jikinta inda damtsensa ke kwantawa, fentin ya goge har itace ya fito, ya yi santsi. In na sa hancina a wurin ina jinsa. Rigunansa an rabar, takalmansa an rabar. Ita kaɗai ta rage.

Na roƙi surukata, Inna Habi, ta roƙar min kwana bakwai. Yaya Mode ya ce ya ba ni zuwa la'asar ɗin Asabar.

Cikin wayar marigayi na sami lambar wani Yazid. Na tuna shi. Shekara biyu da sunka wuce ya zo da wasu baƙi, farare da baƙaƙe, sunka kwana uku suna fita da Almu bakin ruwa. Almu ya ce mana turawan albasa ne, sun zo duba iri. Yazid shi ne tafintansu. Na kira shi na ce ya zo ya ɗauke jitar ya kai wani wuri, ko ban ƙara ganinta ba, in dai tana duniya.

Ya ce, "Maman Raihana, ba turawan albasa ba ne. Masu fim ne. Kuma an gama fim ɗin. Ina tafe."

Asabar bayan azahar ya iso, da kwamfuta da batir da wata lasifika mai girman jarkar ruwa. Ya iske Yaya Mode gindin darbejiya yana wasa gatari.

Sunka gaisa, ya yi gaisuwar rashi. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, Yaya Mode bai ɗago ba.

"Kiɗa? Gidan makoki?"

"Amana ce, Malam. Marigayi ya ce in an gama, kafin kowa a nuna wa Inna."

"Inna ba ta buƙata."

Daga bakin ɗakinta Inna Habi ta ce, "Wa yac ce ma? Ɗana yab bar min saƙo, kai ka karɓa min? Asabe, kihe turmi shi ɗora abinai."

Anka kife turmi, anka ɗora kwamfuta. Inna ta zauna kan tabarma, Asabe gefenta. Yaya Mode ya zauna nesa kaɗan, ya ba abin rabin baya, gatarin na jingine da ƙafarsa. Ni ina cikin ɗaki, na ɗage asabari daidai ido ɗaya. Jitar tana bayana kan gado, naɗe da zanena.

Yazid ya ce fim ne na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba. Makaɗan jita mai wuta biyar, kowa da ƙasarsa, masu irin kiɗan da ake ce wa rok. An bi kowane har garinsu an ɗauke shi, sannan anka nuna wa kowa kiɗan sauran, don a ji mi za su ce.

Na farko wani saurayi ne, hannuwansa duk zane, gaban jama'ar da ban taɓa ganin irin yawanta ba ko a filin idi. Yana tsalle, yana girgiza kai, yatsunsa ba a ganinsu don sauri.

Inna ta ce, "Wanga iska gare shi?"

Asabe ta ce, "Inna, ko kunama ta shige mai wando."

Munka yi dariya. Tun ranar Talatar nan ba a yi dariya a gidan ba, har na tsorata da jin tawa.

Yaya Mode ya waigo kaɗan ya ce, "Gudu dai. Hannu gare shi, ba shi da kunne."

Na biyu tsoho ne, farin gashi har kafaɗa, siriri kamar kara.

Inna ta ce, "Wagga tsohuwa ba ta da ɗiyan da za su zaunar da ita?"

Yazid ya ce, "Inna, namiji ne."

"Tau. Allah shi kyauta."

Amma da tsohon ya fara, Inna ta daina magana. Bai motsa jikinsa, idonsa a rufe, sai ya danna tsirkiya ɗaya ya tura ta sama, ta yi wani kuka mai tsawo har na ji shi a haƙorana. Ban san ƙarfe na iya haka ba.

Ta uku mace ce, baƙa, ƙatuwa, tana zaune kan kujera a wani ƙaramin ɗaki, jitar kan cinyarta kamar jinjiri. Ba ta sauri. Ta taɓa nan, ta jira, ta taɓa can.

Ban ga lokacin da Yaya Mode ya juyo gaba ɗaya ba.

Ya ce, "Wagga ta iya."

Asabe ta dube shi. "Malam?"

"Nac ce ta iya. Duba, ba ta katse ma tsirkiya magana. Sai ta ƙare kukanta kahin ta taɓa wata. Wancan yaron na hwarko shi ko kusa."

"Malam, ina kas san wanga?"

Ya gyara hula. "Kunne ai ba na makaɗi kaɗai ba na."

Inna Habi ba ta dube shi ba. Ƙasa take kallo.

Na huɗun ban riƙe komi nasa ba, don Yazid ya ce na gaba namu ne.

Ruwa anka fara nunawa. Ruwanmu. Ga wani kwale-kwale yana wucewa a hankali. Na runtse ido.

Da na buɗe, ga shi.

Yana tsaye bakin ruwa da shuɗiyar rigarsa, wadda na ƙona wa bakin aljihu da dutsen guga. Ga ƙunar nan ana gani. Yana dariyar kunya, yana sosa ƙeya. Ƙafarsa ba takalmi, da laka har idon sawu, alamar daga gona sunka taso shi.

Inna ta ce, "Almu." Kamar zai amsa.

Ya rataya jitar, ya ɗauki wata waya ya soka mata a ciki. Ya dubi ruwa. Ya sa babban yatsa.

Jama'a, ban san yadda zan rubuta muku ba.

Waɗanda sunka taɓa tsayawa kusa da dam ranar da anka buɗe ƙofar ruwa, kun san yadda ƙasa ke rawa a tafin ƙafa kafin kunne ya ji? Haka ta fara. Kajin gidan sunka watse. Kwanon da ke kan randa ya ɗauki kaɗawa. Daga ƙarƙashin wannan rugugin sai wata siririyar murya ta taso, tana hawa, tana hawa, kamar mace mai guɗa daga ƙetaren gulbi, ta kai inda na ce nan za ta tsinke, ba ta tsinke ba, ta juyo ta sauko tana rarrashi. Mutum ɗaya ne, amma sai ka rantse uku ne. Babban yatsansa na daka a ƙasa, manuninsa na waƙa a sama.

Tsigar jikina ta tashi har cikin gashina.

Sai na gane kiɗan.

Shi ne. Shi ne tsin, tsin, tsin ɗin da nake ji ina tuƙa tuwo. Wanda nake cewa ya rage min in ji ko ruwa ya tafasa. Wannan abin ne yake zaune da shi bakin gadona shekara goma sha uku, shi yana jinsa duka cikin kansa, ni ina jin ƙurarsa.

Na cusa bakin zane a bakina don kada a ji ni. Na ce, Baban Raihana, ka yafe min. Na faɗa ya fi sau goma.

A cikin fim ɗin masunta sun tsai da kwale-kwalensu. Wani tsoho ya tsaya da taru a hannu, ruwa na zuba, ya manta da shi. A gidanmu kuma matan maƙwabta sun jeru kan katanga, ba mai ko tari.

Da ya tsaya, ba wanda ya motsa. Sai kukan akuya can baya.

Inna ta ce, "Wanga duk cikina yaf fito?"

Daga nan anka nuno sauran makaɗan, kowa riƙe da waya yana kallon Almu. Yazid na fassara mana.

Saurayin mai zane ya taɓe baki. Yazid ya ɗan yi jim.

Yaya Mode ya ce, "Hwaɗi abin da yac ce."

"Ya ce wannan ba makaɗin jita ba ne. Wai bai ɗaure tsirkiyoyinsa yadda ake ɗaurewa ba, yatsa biyu kawai yake aiki da su, kuma wuri ɗaya yake ta zagayawa. Ya ce a ƙasarsu ɗan shekara goma ya fi shi sanin ƙa'ida."

Asabe ta ce, "Ji ɗan banza! Mai kunama a wando!"

Yaya Mode ya ce, "Wuri guda? Shi da yaz zagaya duniya cikin minti guda, mi yad ɗauko?"

Anka nuno matar nan ƙatuwa. An gaya mata abin da saurayin ya ce. Ta yi dariya har kujerarta na motsi.

"Ta ce a ba yaron shekara ashirin, in ya gaji da gudu zai gane. Ta ce ita dai ba ta so a tsayar da shi, a mayar mata daga farko."

Sai tsohon mai farin gashi. Ya kalla, ya sake kalla. Ya jawo jitarsa ya kwance tsirkiyoyin yana sauraro, yana neman irin ɗaurin Almu. Ya gwada. Babban yatsan ya tafi, manunin ya ƙi. Ya sake. Ya sake. Sau biyar ina ƙirgawa. Daga ƙarshe ya kwantar da jitar ƙasa, ya buɗe tafukansa yana kallonsu.

Yazid ya ce, "Ya ce shekara hamsin da ɗaya yana wannan sana'a. Ya ce hannun nan ba a jita aka koye shi ba, daga wani abu aka ɗauko shi. Ya ce a je a tambayo masa wa ya koya wa mutumin nan."

Na ji gatari ya faɗi. Ƙafar Yaya Mode ce ta ture shi.

Ya ce, "Ya isa haka nan. Kashe."

Inna ta ce, "Ba a kashewa."

Anka dawo da Almu, yanzu yana zaune kan kwale-kwalen da anka kife a gaɓa. Muryar Yazid ce a ciki take tambayarsa. Ya sunkuyar da kai yana wasa da laka da yatsan ƙafa.

Ya ce, "A gidanmu za a nuna wanga?"

Anka ce sai in ya yarda.

Ya yi dariya. "Tau, a bari sai an ƙare, na san yadda zan yi." Ya ɗago kai. "Ni kwaikwayo nika yi. Yayana na. Gurmi shika kaɗawa, tun ina ƙarami, shina goya ni har Kagara da Gandi wurin 'yan kokowa. In yas sa hannu, ƙato na hawaye. Ɗaurin gurminai na ɗaura ma jitar ga. Abin da kunka ji yanzu, rabin nashi na, wallahi ko rabi bai kai ba."

Anka tambaye shi ina yayan yake yanzu.

"Shina nan. Ya bari." Ya dubi ruwa. "Da za ku ji shi, da ba ku ɓata batirinku kaina ba."

Yazid ya tsayar da fim ɗin da kansa.

Asabe ta miƙe tsaye. Shekararta ashirin da shida a gidan.

"Malam? Gurmi? Kai?"

Bai dube ta ba. Ya ɗauki gatarinsa ya nufo ƙofata. Ya tsaya bayan asabari, ina ganin yatsun ƙafarsa.

"Sauda, miƙo ta."

"La'asar ba ta yi ba, Yaya."

"Miƙo ta nac ce."

Tunda na zo gidan ban taɓa haɗa zance uku da shi ba. Gaisuwa ce, in durƙusa, ya amsa, in tashi. Ban san inda bakina ya samo ba.

Na ce, "Yaya, don Allah in tambaye ka. Kai ka san abin da taka iyawa. Ni yau nas sani. Kai tun hwarko ka sani. Shekara goma sha uku kana jinai ta bango shina kaɗa ta ba murya, don kunyarka. Ba ka taɓa cewa, Almu, jona ta in ji ba?"

"Ke, kina takaba. Kama bakinki."

"Na kama shi shekara goma sha uku ina yi mai dariya, ga inda yak kai ni. Tsoron kabarinai kaka ji, na yarda. Amma ka hwaɗa min tsakaninka da Allah, shi kaɗai na?"



Sai Inna Habi ta ce, "Mode."

Kowa ya juya. Ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba. Ko Asabe ba ta taɓa ji ba.

Ta dafa ƙasa ta tashi, ta tako da sandarta har tsakiyar gida.

"Nan wurin na. Nan inda turmin ga yake. Kana da shekara sha tara. Ubanku yad dawo masallaci, an ce mai ɗan ladan na kiɗa ma 'yan kokowa. Yat take gurmin da ƙahwa, yas sa ni na hura wuta. Ni na hura. Kana tsaye nan ba ka yi kuka ba, kuma tun ran nan ban ƙara jin dariyarka ta kai zaure ba."

"Inna, Baba gaskiya gare shi."

"Ko da gaskiya gare shi, ni dai na ga abin da yar rage min. Ran nan na yi shiru. Yau ba ni yi." Ta nuna ƙasa da sanda. "Ba ni hana ka, kai ab babba. Amma in za ka hwasa, nan za ka hwasa ta, gabana, awa yadda anka yi ma. Kuma ka nemi mai hura ma wuta, ba ni ba."

Asabe ta ce, "Ba ni ba kuma."

Daga kan katanga wata ta ce, "Allah shi ba da haƙuri." Anka ja ta ƙasa.

Na kwance zanen. Na sa hancina wurin nan sau ɗaya. Na tura ta ƙarƙashin asabari, wuyanta gaba.

Ya jingine gatari da bango don ya karɓa da hannu biyu.

Wallahi abin da na gani ke nan: yana ɗagata, yatsun hannunsa na hagu sunka kwanta kan tsirkiyoyin su kaɗai, kowane ya sami wurinsa, kamar tumaki sun dawo garke. Babban yatsansa na dama ya taɓa ta sama. Ya karkata kai. Ya kama maɗaurin ya murɗa kaɗan, ya sake taɓawa.

Ya ce, can ƙasa, "Ta saki."

Sai ya ga muna kallonsa. Ya janye yatsun kamar ya taɓa garwashi.

Ladan ya kira la'asar.

Ya tsaya har anka ƙare kiran. Ya dubi turmi, ya dubi Inna, ya dubi fuskar ƙanensa da ta tsaya cak kan kwamfuta tana kallon ruwa. Ya sunkuya ya ɗauki gatarin da hagu, jitar a dama, ya shige sashensa. Munka ji ƙarar kuba.

Yazid ya kira shi sau biyu. Bai buɗe ba.

Ran nan ban ji sara ba. Washegari ma haka. Amma ɗakinsa na can ƙarshe, kuma yana da turken dabbobi a baya inda yake ƙona shara da kansa. Ba wanda ya isa ya tambaye shi. Yana fita gona, yana dawowa, yana amsa gaisuwata ta bayan asabari kamar ba a yi komi ba.

Tokar gidanmu duka wuri ɗaya ake zubawa, bayan madafa, kafin a kwashe ta zuwa gona. Itace na ƙonewa, fenti na ƙonewa, amma maɗauran nan shida ƙarfe ne. Kullum da safe in na gama shara, sai in ɗauki tsohuwar rariya in je in tankaɗe tokar jiya. In an tambaye ni, in ce ta wanke tukunya nake ɗiba.

Yau kwana goma sha ɗaya.

Ina durƙushe ina tankaɗe, Asabe ta zo ta tsaya kaina. Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta durƙuso har bakinta na taɓa kunnena.

"Jiya ya kasa cin tuwo da zahi, kin ji, ko kwanon bai iya riƙewa. Kan yatsunai huɗu na hagu duk sun yi bororo."

Na ce, "Mi yas same shi?"

"Wai kalme na." Ta riƙe baki. "Mutumin da yash shekara arba'in shina noma, yau kalme ka cizonai kan yatsa?"

Anka yi gyaran murya daga zaure. Ta miƙe da sauri ta ɗauki bokiti.

Na tuna kan yatsun Almu na hagu, yadda tsirkiya ta sa sunka yi kanta. Na ƙarasa tankaɗe tokata har ƙasa. Babu ƙarfe.